Wane ya kada wane: abin da damben Kinshasa na 1974 ke koya wa masu hasashe

Da zarar sanyi ya shigo Adar, an gama kai hatsi rumbu, aka fara jin ƙishin-ƙishin gasar takobi, kowa a Tahoua sai ya zama masanin kokowa. A fada wajen shayi, a tasha, a bakin kasuwa, har a farfajiyar lakwal lokacin hutu, tambaya ɗaya ce: wa zai ɗauki takobi bana? Haka ma idan aka sa ranar wani babban damben zamani a ƙasashen waje, yaranmu masu bin sa ta waya sukan yanke hukunci tun kafin a ɗaura safar hannu. In ka saurara da kyau, hujjar da ake kafawa ba ta wuce guda ba: wane ya kada wane, shi kuma wancan ya taɓa kada wannan, saboda haka an gama magana.

Wannan lissafi tsoho ne, kuma tarihi ya taɓa gwada shi a idon duniya ranar 30 ga Oktoba 1974, a birnin Kinshasa. Ya kamata malamai da iyaye su san labarin dalla-dalla, domin a yau hasashe ya tashi daga hirar bakin titi ya koma abin da yara ke zuba wa kuɗi.

Yadda muka gaji auna gwanaye

Damben gargajiya asalinsa wasan mahauta ne. Bayan kaka, in abinci ya samu, sai su bi gari-gari da makaɗan kalangu suna neman abokan karawa. Hannu ɗaya ake naɗewa da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ɗayan a bar shi a buɗe ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi, kuma wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Babu sikelin awon nauyi, babu littafin da ake rubuta sakamako. Tarihin ɗan dambe a bakin makaɗinsa yake. Yawancin abin da jama'a suka sani game da Shago, ta waƙar Ɗan'anace suka san shi.

To amma makaɗi ba alƙali ba ne. Aikinsa ya zuga gwaninsa, ya jera sunayen mazan da ya kashe. Ranar da aka yi turmi uku ba kisa, ko ranar da gwanin ya sha da ƙyar, ba ta shiga waƙa. Haka kirarin ɗan kokowa yake. Kunnenmu ya saba da jerin nasarori, shi ya sa idan aka ce mu kwatanta maza biyu, abin da ke fara zuwa mana shi ne wa ya fi yawan kisa.

Dattawan da suka tsufa a bakin fage ba nan suke tsayawa ba. Sukan dubi tsawon hannu, su dubi tsayuwar ƙafa, su tambaya ko bahago ne, su lura da numfashin mutum a turmi na uku, da yadda idonsa ke komawa in ya sha naushi mai zafi. Wannan ilmi ne, sai dai ba shi da armashi a hira, don haka ba kowa ke ɗaukarsa ba.

Damben zamani ya zo da abin da namu ba shi da shi: an raba ƴan wasa aji-aji bisa nauyi, ana ƙirga lokaci da agogo, kuma kowane sakamako yana rubuce. Nijar ma tana da rabonta a cikinsa. Isaka Dabore ya je wasannin Olamfik sau uku, Tokyo a 1964, Mekziko a 1968, sai Munich ta Jamus a 1972 inda ya samo lambar tagulla a ajin kilo 63.5. Ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarmu, kuma sai bayan shekara 44 aka samu ta biyu, lokacin da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ɗauko azurfa a takwando a 2016. Shekara biyu ke nan kacal tsakanin tagullar Dabore da damben Kinshasa.

Abin da takarda ta nuna

A 1974 Nijar na fitowa daga babban fari, kuma a watan Afrilu sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. A can Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, shugaba Mobutu Sese Seko ya amince a kawo damben kambun duniya na ajin masu nauyi ƙasarsa, aka yi wa kowane ɗan dambe alƙawarin dala miliyan 5.

Mai riƙe da kambu shi ne George Foreman, ɗan shekara 25. Ya ci zinariya a Olamfik ta 1968. Ya yi karawa 40 a matsayin ƙwararre, ya ci duka, 37 daga ciki kafin lokaci ya cika. Mai neman kambu kuwa Muhammad Ali ne, ɗan shekara 32, wanda aka ƙwace wa kambu a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Shekara uku da rabi ya yi ba ya dambe, kuma da ya dawo a 1970 kowa ya ga ƙafarsa ba ta da saurin da.

Ga inda lissafin wane ya kada wane ya samu gindin zama. Mutum biyu ne kawai suka taɓa cin Ali. Joe Frazier ya ci shi a watan Maris na 1971, har ya kai shi ƙasa a turmi na 15. Ken Norton ya ci shi a watan Maris na 1973, ya karya masa muƙamuƙi. Waɗannan mutum biyun kuwa Foreman wasa ya yi da su. A Janairun 1973, a Kingston ta Jamaika, ya kai Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu ya karɓe kambu. A Maris na 1974, a Karakas ta Benezuwela, Norton ma bai ga ƙarshen turmi na biyu ba.

Duk ɗalibin aji shida zai iya haɗa wannan lissafi. Frazier da Norton sun fi Ali, Foreman ya fi Frazier da Norton, ashe Foreman ya fi Ali nesa ba kusa ba. Masu caca a Amurka sun ba Foreman rinjaye ninki uku zuwa huɗu. Yawancin marubuta wasanni sun bi bayansa. Har cikin masoyan Ali akwai waɗanda damuwarsu ba faɗuwa ba ce, tsoronsu kada a yi masa lahani.

Abin da takarda ta ɓoye

Alƙaluman nan duk gaskiya ne. Kuskuren yana wajen karanta su, kuma abubuwa huɗu ne aka tsallake.

Na farko, saurin kisan Foreman ya hana a san iyakar numfashinsa. Karawarsa uku ta kambu, da Frazier da José Roman da Norton, in aka haɗa su ba su cika turmi biyar ba. A duk rayuwarsa bai taɓa wuce turmi goma ba, ga shi damben kambu a lokacin turmi 15 ne. Ali kuwa ya sha yin 12 da 15.

Na biyu, faɗuwar Ali sau biyu shaida ce a gare shi ga mai lura. Frazier ya kai shi ƙasa, ya miƙe nan take ya ƙarasa wasa. Norton ya karya masa muƙamuƙi, ya tsaya har turmi na 12. Ba a taɓa buge shi ya kasa tashi ba. Duk shirin Foreman ya rataya ne kan naushi ɗaya ko biyu su gama aiki, ga shi zai haɗu da mutumin da naushi bai taɓa gamawa da shi ba.

Na uku, salo. Frazier gajere ne, kuma dambensa shi ne ya sunkuyar da kai ya kutsa gaba. Mai irin wannan salo kansa yake kai wa Foreman. Ali tsayinsu kusan ɗaya da Foreman, nauyinsu ma kilo 98 ne da 100, kuma hannunsa ya fi sauri. Abin da ya ci Frazier ba dole ne ya ci Ali ba, kamar yadda kowa ya sani a kokowa akwai mai kada manya amma wani ɗan siriri guda ya zame masa ƙaya.

Na huɗu, Ali ya sake haɗuwa da mutanen nan biyu ya rama. Ya ci Norton a Satumbar 1973, ya ci Frazier a Janairun 1974. Wato mutum ne mai ɗaukar darasi daga kayen da ya sha. Foreman bai taɓa shan kaye ba, don haka babu abin da ya taɓa tilasta masa sake dabara.

Sai kuma abin da babu mai hasashen da zai iya sani tun farko. An shirya wasan ne ranar 25 ga Satumba, amma Foreman ya ji rauni a saman ido wajen atisaye, aka ɗage da mako biyar. Ali ya yi wannan zama yana cuɗanya da mutanen gari, har filin ya zama nasa. Kirarin da ƴan Zayar ke yi masa da harshen Lingala ma'anarsa “Ali, kashe shi”, kalmar da duk ɗan kallon dambenmu zai gane ba tare da tafinta ba.

Daren wasan

An fara da misalin ƙarfe 4 na asuba domin ya dace da daren masu kallo a Amurka. Agogon Kinshasa da na Tahoua ɗaya ne, wato a lokacin ladanai ba su kira assalatu ba. Mutum kusan 60,000 ne suka cika filin wasa na 20 ga Mayu.

A turmin farko Ali ya ba kowa mamaki. Maimakon ya yi ta zagaye yana gudu kamar yadda aka zata, sai ya riƙa jefa hannun dama kai tsaye a fuskar Foreman. Daga turmi na biyu ya koma ya jingina da igiyoyin fage, ya kare fuska da hannuwa, ya bar Foreman yana dukan damatsa da haƙarƙari. Mai horar da shi, Angelo Dundee, yana ta yi masa tsawa ya bar jikin igiya, bai bari ba. In Foreman ya matso sosai sai ya riƙe masa wuya ya danna, yana yi masa maganganun tsokana a kunne. Kafin kowane turmi ya ƙare kuma sai ya saki naushi uku ko huɗu masu sauri a fuska.

Zuwa turmi na biyar fuskar Foreman ta fara kumbura, hannunsa ya yi nauyi. A na shida da na bakwai naushinsa ya koma kamar turi. Saura daƙiƙoƙi kaɗan turmi na takwas ya ƙare, Ali ya fito daga kusurwa ya jera masa naushi, na ƙarshe hannun dama, Foreman ya juya ya zube. Alƙalin wasa Zack Clayton ya ƙirga, aka tashi. Ko kafin kisan, alƙalai uku duka Ali suka ba maki mafi yawa.

Foreman ya daɗe yana ƙorafi, har da cewa igiyoyin sun yi sako-sako. Amma a 1977 Jimmy Young, wanda ba shi da wani ƙarfin naushi, ya ja shi har turmi 12 a zafin Puerto Rico ya ci shi da maki. Gajiyar nan dai ita ce. Ya bar dambe shekara goma. Da ya dawo ya zama mai tattalin ƙarfinsa, kuma a Nuwambar 1994, yana da shekara 45, ya buge Michael Moorer a turmi na goma ya sake ɗaukar kambun duniya. Abin da ya rasa a Kinshasa shi ya ba shi nasara bayan shekara 20.

Daga Kinshasa zuwa fagenmu

Shekarar da ta biyo bayan damben Kinshasa, wato 1975, a nan Tahoua aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Daga nan kokowa ta samu abin da dambenmu bai samu ba a wancan zamani: gasa ta shekara-shekara, alƙalai, da sunayen zakaru a rubuce. Filayen kokowa na manyan garuruwa suna ɗauke da sunayen mazan jiya, Kantu a Maraɗi, Salma Ɗan Rani a Dosso, Langa-Langa a Damagaram, Hamidin Maidare a Tahoua.

Tsarin gasar ya sa hasashe ya fi wuya fiye da yadda muke zato. Jihohi 8 ne, kowace da ƴan kokowa 10, maza 80 ke nan, kuma kaye ɗaya ya isa ya raba mutum da takobi. Ga lissafin da malami zai iya ɗorawa a allo. A ce akwai gwanin da in ya kara sau goma zai kada tara. A ce kuma yana buƙatar karawa bakwai a jere ba faɗuwa. In ka ninka 0.9 da kanta sau bakwai, abin da za ka samu bai kai 0.48 ba. Wato gwanin da ya fi kowa a fili, damarsa ta tsallake bakwai ɗin nan ba ta kai rabi ba.

Wannan ne ya sa abin da Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Dosso, ya yi ya zama abin al'ajabi. Takobi shida ya ɗauka, na shidan a Agadas. Da gasa ta je garinsu Dosso a ƙarshen 2024, gaban jama'arsa da makaɗansa, lissafin wane ya kada wane duk shi yake nunawa. Takobin a hannun Abba Ibrahim ya tafi Yamai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ɗaya kuskuren

Kada wani ya ɗauka cewa darasin shi ne a riƙa bin wanda aka raina. Akwai kuskure na biyu, shi ne hasashen so. A Oktoban 1980 Ali ya dawo bayan shekara biyu ba wasa, yana da shekara 38, ya fuskanci Larry Holmes, wanda a da yaron atisayensa ne kuma ba a taɓa cin sa ba. Masoya da yawa sun ce ai haka aka faɗa a Kinshasa, zai sake yi. Holmes ya yi ta dukansa turmi goma, Ali bai iya ramawa ba, sai da Dundee ya tsayar da wasan. A wannan karo alamun duk a fili suke, shekaru da jiki da nauyin hannu, so ne ya hana ganinsu. Irin wannan muke yi duk shekara in muka ce takobi na Tahoua ne don kawai mu ƴan Tahoua ne.

Mai hasashen kirki yana tsakanin kuskuren nan biyu. Yakan tambaya: nasarorin da ake ƙirgawa, a kan su wa aka yi su, kuma ta yaya? Salon wannan ya dace da na wancan? Me mutumin ke yi in wasa ya yi tsawo ko ya ji wuya? Jikinsa na bana shi ne na bara? Bayan duk wannan ma sai ya bar wa abin da bai sani ba gurbi, kamar raunin ido ana saura kwanaki, ko zamewar ƙafa a yashi.

Abin da ya rage gare mu

Gardamar wa zai ci ba laifi ba ce. Yaron da ke iya jera dalilai huɗu kan abin da ya sa yake ganin wane zai yi nasara, yana koyon auna hujja, kuma wannan zai amfane shi a darasin tarihi da na lissafi. In ɗanka ko ɗalibinka ya ce wane zai ci, tambaye shi dalili. In ya ce don ya kada wane, ba shi labarin Frazier da Norton, ka ce ya sake tunani.

Inda matsalar take shi ne lokacin da aka ce wa yaro wannan sanin nasa zai iya zama kuɗi. Shagunan caca da manhajojin waya da wannan suke jan matasa: kai ai ka san wasa, me zai hana ka ci da saninka? Addininmu ya riga ya haramta caca, wannan kowa ya sani. Tarihi kuma yana ƙara mana hujjar da yaro mai taurin kai zai iya dubawa da kansa. A 1964, kafin Ali ya kara da Sonny Liston, marubuta wasanni 43 cikin 46 da aka tambaya sun ce Liston zai ci, Liston ya ƙi tasowa bayan turmi na shida. A Fabrairun 1990, a Tokyo, an ba Mike Tyson rinjaye 42 bisa 1 a kan Buster Douglas, aka buge Tyson a turmi na goma. Waɗannan mutane ne da aikinsu ke nan dare da rana, suna shiga sansanin atisaye suna gani da idonsu. Yaron da ke Kalfu ko Barmu da ƴar wayarsa, yana kashe kuɗin da yayansa ya aiko daga cin rani, bai fi su sani ba. Shi kuwa mai shagon caca ya riga ya cire ribarsa cikin lissafi, ko wa ya ci.

Mu ma malamai muna hasashe, sai dai namu a kan yara ne. Muna kallon wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba mu ce jarrabawa tasa ce, mu kalli wanda ya taɓa maimaita aji mu ɗage kafaɗa. Na farkon wataƙila bai taɓa haɗuwa da tambayar da ta tsayar da shi ba, ba mu san yadda zai yi ba ranar da ya haɗu da ita. Na biyun ya faɗi ya tashi, ya san inda ƙafarsa ke zamewa. Ya dace mu gwada numfashin na farko tun kafin ranar jarrabawa, mu kuma daina rufe littafin na biyu da wuri.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare su daga caca.